Mafakar Matan da Ake Cutarwa a Gidan Aure a Jihar Zamfara

Mafakar matan da ake cutarwa a gidan aure ita ce duk inda mace za ta fake, da duk wanda zai tsaya mata, idan zaman aure ya koma duka, zagi ko horo da yunwa. A Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996, wannan mafaka ta fi zama a hannun dangi da mutanen unguwa fiye da wani gini na gwamnati.

Hanya mafi daɗewa ita ce yaji. Mace ta goya ɗanta, ta yafa mayafi, ta nufi gidan iyayenta ko na waliyyinta, wani lokaci da tsakar dare, ko takalmi babu. Idan gida da nisa, sai ta kwana a ɗakin wata dattijuwa a maƙwabta ko a gidan mai unguwa. Bayan 'yan kwanaki miji ya turo manyansa biko, a shimfiɗa tabarma a zaure, a ji ta bakin kowa. Zaman ya dace da aya ta 35 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Amfanin yajin ba kaɗan ba ne, don mace tana samun wurin kwana da abinci nan take, cikin mutanen da suka san ta. Inda yake da rauni shi ne kalmar "ki yi haƙuri", wadda sau da yawa ake mayar da ita ɗakinta da ita tun kumburin fuskarta bai sace ba, kuma ba a gindaya wa mijin sharaɗin komai ba.

Idan sulhun gida ya gagara, magana kan kai ga hakimi, Hisba ko kotun shari'a. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoba 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma kotunanta suna bin mazhabar Malikiyya. A wannan mazhaba, alƙali yana da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, ba tare da matar ta mayar da sadaki ba. Wannan daban yake da hul'i, inda ita ce ke biya don ta fanshi kanta. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin wadda ba ta san shi ba za ta iya sayar da akuyarta ta sayi 'yancin da shari'a ta riga ta ba ta.

A matakin tarayya, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta mai da dukan abokin aure da korarsa daga gida da ƙarfi laifi. Kai tsaye a Abuja take aiki, jihohi kuwa kowace sai ta yi tata. Ƙungiyoyi irin su FIDA ta lauyoyi mata da FOMWAN ta mata Musulmi, wadda aka kafa a 1985, suna ba da shawara da rakiya. Wadda aka yi wa fyaɗe tana bukatar isa asibiti cikin awa 72, don a lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki.

Matsalar 'yan bindiga ta raunana tsohuwar mafakar sosai. A ƙananan hukumomi irin su Zurmi, Shinkafi, Anka da Maru, ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun koma rakuɓe a makarantu da kangaye cikin gari. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da waɗanda aka ci wa zarafi a asibitocin Shinkafi da Zurmi, sai dai asibiti magani yake bayarwa, ba wurin zama ba. Matar da ta yi yaji daga irin waɗannan wurare takan tarar iyayenta su ma suna gudun hijira, mutum goma a ɗaki ɗaya, hanyar zuwa Gusau kuma ba kullum take biyuwa ba.