Ƙyastu a filin harbi: yadda ake koya wa sabon hannu tada wuta ba da ashana ba

Me ya haɗa hura wuta da gasar harbi?

Tsohuwar bindiga ce ta haɗa su. Irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta ƙarni na 18, da dutsen ƙanƙara take tashi: a ja kunama, dutse ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Wannan kuwa shi ne aikin ƙyastu sak. A Amurka masu sha'awar waɗannan bindigogi suna da ƙungiya, NMLRA, da aka kafa a 1933, kuma suna taruwa a garin Friendship na jihar Indiyana. A irin waɗannan tarurruka ba harbi kaɗai ake yi ba, akan gwada jifan gatari da kuma saurin tada wuta. Wanda ya zo kallo ma yakan tsaya ya ce a nuna masa.

Ƙyastun nan iri ɗaya ne?

Iri biyu ne, kuma rikita su ne ke fara ba sabon hannu wahala. Na gargajiya ƙarfe ne mai tauri da ake bugawa a kaifin dutse. Dutsen ne ke kankare ƙarfen, ɓurɓushin ya kama wuta. Tartsatsinsa kaɗan ne, ba shi da zafi sosai. Na zamani guntun sanda ne na haɗin ƙarfe da wani ma'adini mai suna seriyom, wanda wani masanin Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro a 1903, irin ɗan dutsen da ke cikin laita. Tartsatsinsa yakan kai wajen digiri 3,000 a ma'aunin Salsiyas. Ni dai da na zamanin nake so a fara, don mutum ya ga wuta tun kafin zuciyarsa ta karaya.

To ina ne mai koyo ya fi kasawa?

Ba wajen ƙyastawa ba. Cikin 'yan mintoci kowa ya iya fitar da tartsatsi. Abin da zai karɓi tartsatsin shi ne jidalin. Za ka ga mutum ya tara busassun ƙirare yana ta zuba musu tartsatsi, gumi na ɗiga, ko hayaƙi babu. Tartsatsi ba ya kama itace, sai abu mai laushi kamar gashi: audugar da aka baje, ko igiyar rama da aka warware zare-zare. In an shafa wa audugar ɗan basilin, sai ta daɗe tana ci.

Ƙyastun gargajiya shi kam sai da ƙonannen ƙyalle. A yanka ƙyallen auduga zalla, a sa a gwangwani mai murfi da ƙaramar huda, a ɗora kan wuta har hayaƙi ya daina fita, a bari ya huce kafin a buɗe. Zai fito baƙi ƙirin. Tartsatsi guda ya faɗa masa, sai ka ga jan ɗigo yana faɗaɗa. A naɗe shi cikin zaren da aka dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, a ɗaga sama da fuska, a juya wa iska baya, a hura a hankali da dogon numfashi. Mai gaggawa yakan yi ta fuf-fuf har ya watsar da garwashin.

Yaya ake riƙe sandan ƙyastun zamani?

A fara kankare baƙin fentin da sabo ke zuwa da shi, in ba haka ba ba abin da zai fito. A kafa bakinsa cikin audugar, a danna makankari, wato ɗan ƙarfen da ake kankare sandan da shi, da ƙarfi, sannan a ja sandan baya, makankarin na tsaye. Wanda ya tura hannu gaba yakan ture audugar. In da wuƙa za a yi, da bayanta ake yi, ba da kaifin ba.

Ba haɗari ba ne, wuta kusa da albarushi?

Haɗari ne babba, tartsatsi guda ya ishe shi. Wurin koyarwa ya yi nesa da layin harbi da teburin ɗuri, kuma duk wanda zai tsuguna ya fara sauke ƙahon albarushinsa can gefe. A share ƙasa, a aje bokitin ruwa. Gilashin kare ido da ake sawa wajen harbi kada a cire shi, don dutse yakan fallatsa. Rigar nailan narkewa take ta manne da fata, gara ta auduga.

Yaushe za a sa wa mai koyo agogo?

Sai ya tada wuta sau uku a jere ba wanda ya kama masa. Kafin nan agogo rawar hannu kawai zai ƙara masa. In ya kai, a ba shi audugar da babu basilin, daga nan igiyar rama, sannan a miƙa masa dutse da ƙarfe.