Daga yaƙin Tirmini zuwa 3 ga Ogustan 1960: tambayoyi kan mulkin Faransa a Nijar

Yaya Faransawa suka ci Damagaram?

Ba a zuwan farko suka ci ta ba. A 1898 kyaftin Kazmaju na Faransa ya iso Zinder, aka kashe shi a watan Mayu a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, domin fada na zargin zai ƙulla ƙawance da Rabe, wanda ke riƙe da Borno a lokacin. Shekara na zagayowa sai ga rundunar hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan daga yamma, tana ƙone garuruwa. Ita ce ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta kuma yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Jagororin biyu ba su ga Zinder ba, sojojinsu ne suka harbe su a hanya. Ragowar rundunar ta haɗu da dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899. Akwai bindigogi da igwa a birni tun zamanin Sarki Tanimun, amma ba su kai na Nasara saurin wuta ba. Birni ya faɗi, daga baya aka kashe sarki.

Me ya faru da sarauta?

A 1906 Faransawa suka ce sun gano shirin tawaye, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, suka kai shi Kodebuwa. Sai a 1923 aka maido da sarautar, aka naɗa Barma Mustafa.

Don me aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai?

Zinder ce hedikwata daga 1911 zuwa 1926. Hujjar da aka bayar ita ce ƙarancin ruwa, kuma gaskiya ne, matsala ce da birnin ya daɗe yana fama da ita. Amma ba ita kaɗai ba ce. Zumunta da fatauci sun ɗaure Damagaram da Kano, wadda ke hannun Ingilishi, kuma tun 1906 Faransawa ba su saki jiki da fada ba. Yamai kuwa tana bakin kogi, kusa da hanyar Dahome. Makarantu da ayyukan gwamnati duk suka bi gwamna yamma.

Mene ne ya fi ƙuntata wa talaka?

Lanho, wato haraji, da aikin tilas. Kumandan na iya ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, ana kuma kwasar majiya ƙarfi aikin hanya da dako ba lada. Sai a 1946 aka soke aikin tilas, shekarar da aka kafa PPN-RDA, jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar.

To yaya aka samu ƴanci?

A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958, kan ko a ci gaba da zama tare da Faransa, Djibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba suka nemi a ce "a'a", wato ƴanci nan take, irin zaɓin da Gine ta yi. Gwamna Kolombani ya jingina da sarakuna, gwamnatin mulkin mallaka ta sa ƙarfinta duka a bayan "i". Aka bayyana kashi 78 cikin ɗari sun amince, alhali mafi yawan masu rajista ba su ma fita ba. Aka kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba, aka haramta Sawaba a 1959, sannan Diori Hamani na PPN-RDA ya karɓi ƴancin ƙasa ranar 3 ga Ogustan 1960.