"Progressive rock": ba kiɗan 'yan jam'iyya ba ne, ba kuma doguwar waƙa ba

Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne a Arewa ya san kalmar progressive tun kafin ya iya Turanci. Tana cikin sunan NEPU da aka kafa a Kano a 1950, ta bi gwamnonin adawa na Jamhuriya ta Biyu irin su Abubakar Rimi da Balarabe Musa, ga ta kuma a tsakiyar sunan APC tun 2013. A kunnenmu kalmar ta riga ta zama 'yar siyasa. Shi ya sa yanzu da sunan progressive rock ya fara yawo a wayoyin matasa, ta Spotify da YouTube da hirar masu haɗa kiɗa a situdiyo, sai ka ji mai gabatar da shiri ya ce "rock na 'yan ci gaba", wani ya ce "na masu ra'ayin kawo sauyi". Wani kuma da ya ga waƙa ta kai minti ashirin, shi ke nan ya yanke hukunci cewa ita ce. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskuren yana ɓata mini rai, domin yana rufe abin da ya sa kiɗan ya cancanci a zauna a saurare shi.

Maganar siyasa ba ta da wuyar kawarwa. A ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai ƙungiyar Henry Cow ta Ingila, masu tsananin ra'ayin gurguzu, akwai kuma ƙungiyar Rush ta Kanada, waɗanda a faifansu na 1976 suka yi godiya ga Ayn Rand, marubuciyar da ta ƙi jinin gurguzu har ƙarshen ranta. Da ra'ayi ne ma'aunin, da ba su zauna inuwa ɗaya ba.

Asalin kalmar daga Latin ne: pro, wato gaba, da gradi, wato takawa. Takawa gaba, taki bayan taki. Babu alƙawarin alheri a ciki. Idan likita ya kira cuta progressive, yana nufin kullum ƙaruwa take yi. A kiɗa ma ba rock ne ya fara ɗaukar sunan ba, Stan Kenton ya kira nasa progressive jazz tun ƙarshen shekarun 1940. Da aka zo ƙarshen shekarun 1960 sai sunan ya koma kan makaɗan Ingila da suka gaji da tsarin waƙar rediyo: minti uku, baiti, amshi, baiti, amshi, a rufe. Manyan kamfanonin faifai suka ga akwai kasuwa, suka buɗe musu rassa na daban: Decca ta buɗe Deram a 1966, EMI ta buɗe Harvest, Philips ta buɗe Vertigo, duka biyun a 1969. To abin da ke takawa gaba shi ne ginin waƙar kansa. Ta fara a wuri ɗaya, ta canza ƙirgen bugu, ta canza sauri, ta ari salo daga jazz ko kiɗan gargajiyar Turai, ta ƙare a wurin da ba a zata ba.

A nan ne tsawo ya shigo, amma a matsayin sakamako. Fela Kuti yakan cika fuskar faifai guda da waƙa ɗaya, Shata yakan daɗe yana waƙa a kan kiɗan kalangu ɗaya, kuma babu wanda ya san abin da yake faɗa da zai kira su progressive rock. Nasu gwanintar ita ce riƙe bugu ɗaya a yi ta zurfafa shi. Waɗancan kuwa sassa ake jerawa, kowane da nasa hali. Tsawon ma faifan garmaho ne ya yanka masa iyaka: faifai mai faɗin inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti yana ɗaukar kimanin minti 22 a kowace fuska. In aka matsa aka ƙara, dole a tsuke layukan da allura ke bi, sauti ya yi ƙasa, kaurin bas ya ragu. Shi ya sa manyan waƙoƙin wancan zamani suke tsayawa tsakanin minti 18 da 23, kuma da 'yan ƙungiyar Jethro Tull suka yi mai minti arba'in da wani abu a 1972, sai da aka raba ta biyu, mai sauraro ya tashi ya juya faifan.

Ƙungiyar da ta fi dacewa a auna kalmar da ita ita ce King Crimson. Sun fara atisaye a Landan a Janairun 1969: Robert Fripp a jita, Greg Lake a bas da murya, Michael Giles a ganguna, Ian McDonald a saksofon da sarewa, Peter Sinfield yana rubuta baitoci. Ran 5 ga Yuli suka yi wasa a Hyde Park kafin Rolling Stones su hau, a watan Oktoba faifansu na farko, In the Court of the Crimson King, ya fito ya kai na biyar a jerin cinikin Birtaniya. Matasa da yawa sun ji guntunsa ba su sani ba, domin Kanye West ya yanko daga waƙar farko ta faifan ya saka a tasa a 2010. Amma sautin da ya fi manne wa faifan, wannan kukan goge mai kama da hazo da ke cika bayan waƙa, daga wata na'ura ya fito mai suna Mellotron, kuma sai an fahimce ta za a gane inda ruɗanin ya samo tushe.

A ido kamar ƙaramin piyano take. A ciki kuwa kaset ne zalla. An fara ƙera ta a Birmingham a 1963, bisa dabarar wani Ba'amurke, Harry Chamberlin. Ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren kaset nasa na kansa, wanda aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyi na gaske a kansa, a daidai amon wannan madannin. Wata doguwar sandar ƙarfe tana ta juyawa daga wannan gefe zuwa wancan. Da ka danna, sai wata 'yar tayar roba ta matse zaren a jikin sandar, wani ɗan matashi kuma ya danna shi a kan hed, wato abin da ke karanta sautin kaset, zaren ya tafi, sauti ya fito. Zaren ba zagaye yake yi ba, yana da farko yana da ƙarshe: kimanin daƙiƙa takwas, sai ya ƙare ɗif. Da ka ɗaga yatsa sai wani sifirin na ƙarfe ya fizgo shi ya dawo farko. Saboda haka makaɗin ba shi da damar dafe madanni uku ya zauna. Dole ya riƙa ɗaga yatsa ɗaya yana sauke wani, yana sauya jerin amon kafin zaren ya ƙare, kamar tafiyar gizo-gizo. Wannan motsi marar tsayawa da mutane ke yabawa a matsayin hikimar tsara kiɗa, rabinsa larura ce ta haife shi.

Samfurin farko da ya yi suna, Mark II, yana da jerin madannai biyu, 35 kowanne, kuma nauyinsa ya haura kilo 150. Don falon masu kuɗi aka yi shi, ba don a riƙa loda shi a mota ana yawo gari-gari ba. Sai a 1970 aka fitar da M400, mai madanni 35 kacal, nauyi wajen kilo 55, zarensa mai faɗin kashi uku cikin takwas na inci, ɗauke da sauti iri uku da ake zaɓa da maɓalli. In kana son wasu sautukan, sai ka zare firam ɗin zaren gaba ɗaya ka sa wani.

Matsalolinta kuwa duk mai gyaran rediyo mai kaset zai gane su. Inji ɗaya ke juya sandar, don haka in ka danna madanni da yawa lokaci guda nauyi ya yi masa yawa, gudunsa ya ragu, amon duka ya sauka ƙasa. In wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama, haka. Makaɗan Ingila da suka kai ta Amurka sun sha wahala, domin wutar can ba irin ta gida ba ce, a ƙarfi da kuma a bugawa. A fito da ita daga mota mai sanyi a ajiye ƙarƙashin fitilun dandamali masu zafi, sai raɓa ta kwanta, zaren ya manne ko ya miƙe. Girgizar hanya tana karkatar da hed, sauti ya dushe. Ƙura da hayaƙin sigari suna taruwa a kan tayoyin roba, zaren ya riƙa santsi, amo yana rawa. Maganin shi ne a kunna ta da wuri ta ɗumama, a goge hed da sandar da auduga da sifirit, a daidaita matsin kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, guda 35, sannan a bar hannu kusa da maɓallin gyara amo har a gama wasa. Kuma wannan 'yar rawar amon, wadda a wurin injiniya aibi ce, ita ce ta ba sautin baƙin cikinsa.

Ga inda abin ya karkace. Da faifan 1969 ya karɓu, sai Mellotron ta zama kamar rawani: duk mai son a kira shi progressive sai ya naɗa. 'Yan ƙungiyar Genesis ma daga hannun King Crimson suka sayi tasu. Cikin 'yan shekaru aka samu kayan sawa cikakku: Mellotron, waƙa mai cika fuskar faifai, ƙirgen bugu bakwai ko tara, zanen almara a bango. Aka gajarta sunan ya koma prog. Kalmar da ke nufin takawa ta zama sunan wurin tsayawa. Har yau akwai ƙungiyoyin da ke kwaikwayon sautin 1972 daidai wa daida, da sautin Mellotron da aka kwafa a kwamfuta, har da rawar amon, ana kiransu progressive. Prog ne, na yarda. Takawa gaba kuwa, ban ga ta ba.

King Crimson ba su zauna cikin rawanin ba, kuma Fripp bai taɓa jin daɗin laƙabin ba. Kafin 1969 ta ƙare McDonald da Giles sun fita, Lake ya bi baya a 1970 ya je ya kafa ƙungiyar Emerson, Lake & Palmer. A 1972 Fripp ya sake gini daga tushe. Mai ganga Bill Bruford ya bar ƙungiyar Yes a daidai lokacin da take kan ganiyarta ya zo wurinsa, ga John Wetton a bas, David Cross da goge, da Jamie Muir mai kaɗa fallen ƙarfe da sarƙa. Faifansu Larks' Tongues in Aspic na 1973 da ƙaramin kalimba na Afirka ya buɗe. Yawancin faifan da ya biyo shi a gaban jama'a aka naɗa, wani sashe a Amsterdam, aka cire tafi daga baya. A ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen da suka ƙirƙira nan take a dandamali, Bruford ya riƙe sandunansa a ƙirji bai buga ko sau ɗaya ba, aka kuma sa sunansa cikin waɗanda suka tsara kiɗan, domin shirun nasa zaɓi ne. Masu ɗauka cewa progressive na nufin nuna saurin yatsu su dubi wannan. Su kuma saurari waƙar ƙarshe ta faifan Red, na 1974, inda bas ke tafiya a ƙirge 13 yayin da Fripp ke nanata amo ɗaya tal, yana ɗaga shi kaɗan-kaɗan na tsawon mintuna. Kafin faifan ya shiga kasuwa ya sanar cewa ƙungiyar ta watse.

Da suka dawo a 1981 da faifan Discipline, babu Mellotron ko ɗaya. Amurkawa biyu suka shigo: Adrian Belew, wanda bai daɗe da yin aiki da ƙungiyar Talking Heads a faifan da tasirin Fela ya fito fili a cikinsa ba, da Tony Levin mai Chapman Stick, kayan kiɗa mai tsirkiya goma da ake dannawa da yatsun hannu biyu. Waƙoƙin suka gajarce, yawanci minti huɗu zuwa shida. Dabarar ta koma saƙar jita biyu. A waƙa ta biyu ta faifan, jita ɗaya tana zagaya amo 14, ɗayar tana buga abu iri ɗaya amma ta yar da amo guda, wato 13. Sun fara tare, zagaye na biyu sun saɓa da taki ɗaya, na uku da biyu, kuma in aka bar su ba za su sake haɗuwa ba sai bayan bugu 182. Wahalar buga wannan ba sauri ba ce. Kunnenka ne ke jan hannunka ya bi abokin kiɗanka, da ka saurare shi fiye da kima sai ka faɗa cikin ƙirgensa, saƙar ta warware. Ana koyonta ne a hankali da na'urar ƙirga bugu, kowa shi kaɗai tukuna, har hannu ya haddace. Wasu tsofaffin masoya sun ce wannan ba King Crimson ba ce. Ni a wurina a nan kalmar ta fi cika ma'anarta.

In dole sai an fassara ta a rediyo, "rock mai faɗaɗa tsarin waƙa" ya fi kusa, ko a bar sunan yadda yake kamar yadda muka bar wa jazz da reggae nasu.

Sauran tarihin ya ɗan rikita ma'aunin nawa, kuma gara in faɗa. A 1995 sun fito da THRAK da mutum shida, komai bibbiyu: jita biyu, masu bas biyu, masu ganga biyu. Faifan situdiyo na ƙarshe, na 13, ya fito a 2003. Daga 2014 Fripp ya jera masu ganga uku a gaban dandamali, Pat Mastelotto da Bill Rieflin da Gavin Harrison, sauran makaɗa a bayansu a kan tudu, suka koma buga waƙoƙin 1969 zuwa 1974 da aka daɗe ba a ji su a dandamali ba, har da sautin Mellotron, wannan karon daga na'urar zamani. Komawa baya ce a zaɓin waƙa, babu musu. Amma an sake rarraba bugun mutum ɗaya a hannu shida, ta yadda jimla ɗaya ta ganga za ta fara daga hagun dandamali ta ƙare a dama, abin da babu shi a faifan asali. Da ganguna uku a gaba suka yi wasansu na ƙarshe a Tokyo, a Disambar 2021.