Waiwaye: Yadda ɗalibai da masu rediyo suka kai hannu sararin samaniya

Yawancinmu a Sakkwato idan aka ce tauraron ɗan'adam, abin da ke zo mana a rai shi ne dish ɗin da ke bisa rufin gida da kuɗin da ake biya duk wata. Sauran kuwa mun bar wa manyan ƙasashe. Amma akwai reshen wannan tarihi da ba gwamnatoci suka dasa shi ba, kuma shi ya fi shafar yaranmu.

Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba, 1957, masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke haɗa na'urar aika saƙo da hannunsu a gida, suna cikin waɗanda suka riƙa jiyo ƙararsa. Daga sauraro sai suka ce su ma za su gwada. Wasunsu a Kalifoniya suka haɗa ƙaramin tauraro mai suna OSCAR 1 a gidajensu da garejinsu, nauyinsa bai kai kilo 5 ba, aka raɓa shi a jikin rokar sojan saman Amurka ranar 12 ga Disamba, 1961. Gaisuwa kawai yake aikowa da salon tangarahu, batirinsa ya ƙare cikin mako uku, amma mutum fiye da 570 a ƙasashe 28 sun ba da rahoton sun ji shi. A 1969 aka kafa AMSAT, ƙungiyar masu rediyon sha'awa da ke harkar taurari, kuma a 1970 aka harba tauraron da ɗaliban Jami'ar Melbon ta Ostareliya suka ƙera.

Labarin OSCAR 7 ne ya fi taɓa ni. An harba shi a 1974, batirinsa ya lalace a 1981, kowa ya haƙura. Sai a 2002 wani ya sake jin muryarsa. Abin da ya faru shi ne, matsalar da ta haɗe wutar batirin ta saki da kanta, tauraron ya koma cin wuta kai tsaye daga farantan hasken rana. In yana cikin rana ya yi magana, in ya shiga inuwar duniya ya yi shiru. Duk mai sola a gidansa da batirinsa ya mutu ya san wannan hali.

A Ingila kuwa, Martin Sweeting da abokan aikinsa a Jami'ar Surrey sun harba UoSAT-1 a 1981. Daga wannan aiki na jami'a kamfanin SSTL ya fito, kuma shi ne ya ƙera NigeriaSat-1 da aka harba daga Plesetsk ta Rasha a Satumban 2003. A wannan kamfani na Ingila aka horar da injiniyoyinmu da suka haɗa NigeriaSat-X na 2011. Ashe tauraronmu na farko jikan rediyon sha'awa ne, ko da yake ba kasafai ake faɗi ba.

Abin da ya karya farashi shi ne CubeSat. A 1999 malamai biyu a Kalifoniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka tsara ma'auni guda: akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyi kusan kilo ɗaya. Manufarsu ɗalibi ya fara aikin ya ga ƙarshensa kafin ya bar makaranta. Tunda girman ɗaya ne, ana jera su a bututu guda su bi rokar wani babban kaya. Na farko sun tashi a Yunin 2003.

Afirka ba ta makara sosai ba. Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu ta harba SUNSAT tun 1999. Namu na jami'a ya zo a 2017, lokacin da Jami'ar Fasaha ta Akure da hukumar NASRDA mai kula da harkar sararin samaniya ta Najeriya suka shiga shirin Birds na cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, tare da Ghana da Mongoliya da Bangladesh. An harba Nigeria EduSat-1 ranar 3 ga Yuni, aka sako shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Yuli, ya ƙone a iska a 2019 kamar yadda irinsa ke yi. Abin alfahari ne, sai dai a Japan aka haɗa shi, kuma ina ganin tashar sauraro da ke ƙasa ta fi akwatin muhimmanci, domin ita ke zama bayan tauraro ya faɗi.

Nan ne Sakkwato ke da abin yi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki kan hasken rana, kuma wuta ita ce rayuwar ƙaramin tauraro. Kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi na yaye masu aikin lantarki. Ga kuma samarin da ke saita dish: ɗaya na bisa kwano yana juya farantin a hankali, ɗaya na ƙasa gaban talabijin yana cewa "ƙara kaɗan, tsaya nan!" Wannan ƙwarewar ake bukata.

Tun Nuwamban 2018 akwai tauraron Katar mai suna Es'hail-2, wanda ke ɗauke da na'urar masu rediyon sha'awa da ake kira QO-100. Ba ya gusawa daga inda yake, wajen digiri 26 gabas, unguwa ɗaya da Arabsat, kuma ya lulluɓe Afirka duka. Dish na gida da idonsa, da 'yar na'urar rediyo da ake soka wa kwamfuta, sun isa ɗalibi a Dundaye, inda Jami'ar Danfodiyo take, ya ji hirar mutanen Turai da Indiya da Brazil. Aika saƙo ne ke bukatar lasisi da lambar kira mai farawa da 5N. Sauraro kuwa, sashen kimiyyar lissafi da lantarki ko na injiniya zai iya kafa shi cikin zangon karatu ɗaya.