Tattakin rukuni a tsaunukan Birtaniya lokacin hunturu

Tattakin tsauni wata al'ada ce da ta kafu sosai a Birtaniya, inda mutane ke haɗuwa rukuni-rukuni, galibi ranar Asabar ko Lahadi, su kama hanyar ƙauye su yi ta tafiya a ƙafa kan tuddai na awa huɗu zuwa bakwai, har a tsakiyar hunturu wato Disamba zuwa Fabrairu. Wuraren da aka fi zuwa sun haɗa da Peak District da Lake District a Ingila, da Snowdonia a Wales, sai kuma tsaunukan Sikotland.

Abin bai zo da sauƙi ba fa. Da can yawancin waɗannan filayen na masu kuɗi ne da ke farautar tsuntsaye a ciki, talaka bai isa ya taka ba. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka yi gangami suka haura Kinder Scout, wani tsauni a Peak District, da gangan, aka yi ba-ta-kashi da masu gadi, aka kama wasu aka ɗaure. A 1935 aka kafa ƙungiyar Ramblers wadda har yanzu ita ce kan gaba wajen shirya irin wannan fita, a 1951 Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, sannan wata doka ta shekarar 2000 ta ba jama'a damar yawo a manyan filayen tsauni na Ingila da Wales.

Tsaunukan nan ba wani tsawo ne da su ba. Kinder Scout mita 636 ne, Scafell Pike da ya fi kowane a Ingila mita 978, Ben Nevis na Sikotland kuma mita 1,345. To amma ba tsawon ne ke kayar da mutane ba, yanayin ne. Sanyin da aka sani a Jos ko Kano busasshe ne, in ka sa suwaita shikenan, can kuwa sanyi ne da ruwa da iska a haɗe, kuma duk mita 1,000 da ka haura zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, don haka za a iya barin mota cikin yayyafi a tarar da dusar ƙanƙara a sama. Ga rana ba ta daɗewa, a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi a arewacin Ingila.

Shi ya sa maganar tufafi ta fi komai. Ba riga ɗaya mai kauri ake sawa ba, hawa uku ake yi. Ta ciki ta ulu ce ko yadin roba mai janye gumi daga fata, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje kuma mai tare ruwa da iska mai hula a jiki, irin su Gore-Tex, da wandonta. Amfanin haka shi ne in ana haurawa jiki ya ɗau zafi sai a cire ɗaya, in an tsaya cin abinci a mayar nan take tun gumin bai huce ba. Auduga kam ba a so ko kaɗan, singileti ko wandon jins in ya jiƙe ba ya bushewa, sai ya manne a jiki yana zuƙe ɗumi, kuma da zarar zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga hatsari. Sai ka ga mutum yana kyarma, yana tuntuɓe, maganarsa na harɗewa, zif ɗin rigarsa ma ya kasa ja, shi kuma yana cewa lafiyarsa lau. Nan ne amfanin tafiya cikin mutane yake, don na kusa da shi ne zai lura.

Takalmi sai mai rufe idon sawu mai ƙasa mai kaushi, saboda laka da santsi, kuma sabon takalmi ba a fara shi da doguwar tafiya, ƙafa za ta yi bororo. Safa mai kauri, hula, safar hannu har saiti biyu don ɗaya na jiƙewa. A jakar goyo akwai taswirar takarda ta Ordnance Survey, wato hukumar zana taswirar Birtaniya, da kamfas, domin sanyi na cinye batirin waya kuma sabis na ɗaukewa a kwari, sai tocilar goshi, filas na shayi, abinci, kayan agajin farko da usur. Alamar neman taimako ita ce busa shida, a dakata minti ɗaya, a sake. Inda ƙanƙara ta daskare sosai, musamman Sikotland, sai an haɗa da gatarin ƙanƙara da ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a takalmi, kuma riƙe su kawai ba tare da an koyi amfani da su ba aikin banza ne.

Kowane rukuni na da jagora a gaba da wani a ƙarshe mai tabbatar da ba a bar kowa ba, kuma da saurin wanda ya fi kowa nawa ake tafiya. Wajen lissafin lokaci har yau ana amfani da ƙa'idar Naismith ta 1892, awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa, sai dai a hunturu da laka da hazo dole a ƙara a kai. Ƙofar shingen gona a bar ta yadda aka same ta, kare kuma a riƙe shi da igiya kusa da tumaki. In abu ya ɓaci a kira 999 a nemi 'yan sanda a ce ana son masu ceton tsauni, waɗanda 'yan sa-kai ne da ba a biyansu albashi.