Mutuwar inji ba ita ce faɗuwar jirgi ba

Mutanen Zariya sun saba da ƙugin ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, amma da yawa na zaton da inji ya mutu jirgi zai rikito kamar dutse. Fukafukai ke riƙe jirgi, inji ja kawai yake yi. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 da ke tsayin mita 1,000 na iya lulawa kusan kilomita 9 babu inji.

In inji ya mutu, matuƙi yakan sunkuyar da hancin jirgin, ya riƙe gudu wajen kilomita 120 a awa, ya zaɓi filin da zai sauka. Sannan ya sauya tankin mai, ya gwada magneto biyun da ke ba fulogi wuta, ya saki iska mai ɗumi ko ƙanƙara ce ta toshe kafireto. In injin ya ƙi tashi, ya sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirgin ga masu kula da zirga-zirgar jirage, ya kira hasumiyar filin jirgi. Haɗarin yana ga ɗaga hanci don firgita: gudu ya ragu, fukafukai su daina ɗauka.