Sarkin Ingila da Aka Tono a Wajen Ajiye Motoci: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu jin Hausa ta hanyar ƙwallo suka san sunan Leicester, musamman bayan da Ahmed Musa ya koma ƙungiyar birnin a 2016. Amma shekara huɗu kafin nan, wani abu daban ya sa duniya ta juyo kan wannan gari na tsakiyar Ingila: an fasa kwaltar wani wajen ajiye motoci na ƙaramar hukuma, aka sami ƙasusuwan sarki kwance a ƙasa.

Wane sarki ne wannan?

Richard na Uku, wanda aka haifa a 1452, ya hau gadon sarautar Ingila a 1483, lokacin Muhammadu Rumfa na kan karagar Kano. Shekara biyu da 'yan watanni kawai ya yi. Ranar 22 ga Agusta 1485 ya gwabza da Henry Tudor a filin Bosworth, aka kashe shi yana da shekara 32. Shi ne sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen fama, kuma da faɗuwarsa sarauta ta bar gidansu ta koma gidan Tudor.

Sunansa bai yi kyau a tarihi ba. Da wansa Edward na Huɗu ya rasu, an danƙa masa riƙon 'ya'yan marigayin, ciki har da yarima mai shekara 12 da ya kamata ya gaji sarauta. Sai aka ce auren iyayen yaran bai halatta ba, Richard ya hau gado, yarima da ƙanensa kuma aka ajiye su a Hasumiyar Landan, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ta yaya kabarin sarki guda zai ɓace?

Wanda aka ci da yaƙi ba ya zaɓar makwancinsa. An tuɓe gawar, aka ɗora ta a kan doki aka kai Leicester, aka baje ta jama'a su gani da idonsu don kada gobe wani ya taso ya ce yana raye. Daga nan aka miƙa ta ga 'yan zuhudun ɗariƙar Faransis, waɗanda ake kira Greyfriars saboda tufafinsu masu ruwan toka, suka binne ta a cikin cocinsu.

A 1538 Henry na Takwas, ɗan Henry Tudor da ya ci Richard da yaƙi, ya rufe gidajen 'yan zuhudu, aka rushe wannan coci. Filin ya zama lambun wani attajiri, daga baya gine-gine suka zagaye shi, a ƙarshe aka malala masa kwalta. Wani labari kuma ya bazu cewa tun lokacin rushewar an tono ƙasusuwan an watsa su a kogin Soar. Labarin ba shi da tushe, amma ya zauna a bakin mutane har ya hana a yi neman da gaske, don ba wanda zai haƙa ƙasa neman abin da ya yi imani ruwa ya tafi da shi.

To wa ya nace sai an tona?

Wata mata mai suna Philippa Langley, 'yar wata ƙungiya ta masu ganin an zalunci Richard a tarihi. Ita ta yi ta faɗi-tashi wajen shawo kan hukumar birnin da Jami'ar Leicester, kuma da kuɗi suka gaza, 'yan ƙungiyar ne suka yi karo-karo suka cike giɓin. Richard Buckley, wanda ya jagoranci masu tonon daga jami'ar, bai sa ran samun sarkin ba. Burinsa a gano inda cocin yake, in an sami wannan ma an ci riba.

An fara aiki ranar 25 ga Agusta 2012. A ranar farko, a ramin farko, aka ci karo da ƙasusuwan ƙafa. Ba wanda ya yi tsalle, domin wurin tsohon coci ne, dole a sami kaburbura. Sai da aka gano fasalin ginin aka ga cewa wannan kabari yana daidai sashen da tsofaffin rubuce-rubuce suka ce an binne sarkin, sannan aka buɗe shi gaba ɗaya a farkon Satumba. Tafin ƙafafun babu su, wani gini na baya ya datse su. Da maginan sun matsa kaɗan, da ba a sami komai ba.

Me ya tabbatar shi ne, ba wani bawan Allah daban ba?

Nan ne mutane ke saurin cewa gwajin DNA, su rufe magana. Gwajin ya taka rawa, amma shi kaɗai ba zai wadatar ba. Hujjoji ne suka taru kowace ta tallafi 'yar'uwarta. Namiji ne mai shekaru wajen talatin. Awon shekarun ƙashi ya nuna ya mutu tsakanin 1455 da 1540. Ƙasusuwan sun nuna mai cin nama da kifi sosai ne, abincin manya a wancan zamani. Ga raunukan yaƙi, ga karkataccen ƙashin baya, ga wurin da aka binne shi.

Sannan DNA. Akwai wani nau'insa da ake gado ta wajen uwa kaɗai, yana bin 'ya'ya mata zuriya bayan zuriya kusan ba ya sauyawa. Masanin tarihi John Ashdown-Hill ya riga ya bi salsalar yayar Richard, Anne ta York, ta tsatson mata har zuwa wani gida a Kanada. Turi King, masaniyar ƙwayoyin halitta a jami'ar, ta gwada na wani ɗan gidan, kafinta da ke zaune a Landan, da na wata mata daga wani reshen zuriyar, aka ga sun dace da na ƙasusuwan. Ranar 4 ga Fabrairu 2013 jami'ar ta sanar. Cikakken binciken da ya fito a ƙarshen 2014 ya sa yiwuwar cewa shi ne a kashi 99.999 cikin ɗari.

Wani abin dariya ya ɓullo a gefe. Da aka gwada ta tsatson maza, na Richard bai dace da na waɗanda littafin asali ya ce danginsa ne ta wajen uba ba. Wato a wani wuri cikin ɗaruruwan shekaru, an haifi wani da uban da ke takarda ba shi ne ubansa ba. Gwajin bai nuna a wace zuriya abin ya faru ba, jaridu dai sun sami abin cika shafi.

Da gaske mai doro ne, kamar yadda aka daɗe ana faɗa?

Wasan kwaikwayon Shakespeare, shahararren marubucin Ingila, ne ya kafa wannan siffa a zukatan Turawa: mugu mai doro, mai shanyayyen hannu, yana ɗingishi. Magoya bayan Richard sun yi shekaru suna cewa duk ƙagen gidan Tudor ne. Ƙasusuwan ba su ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Ƙashin bayansa a karkace yake zuwa gefe, lalurar da ta same shi bayan ya haura shekara goma, wadda za ta sa kafaɗarsa ta dama ta ɗara ta hagu tsawo. Amma ba doro ba ne, hannayensa biyu lafiyarsu lau, kuma tela gwani da sulke mai kyau za su iya ɓoye abin. Mai yiwuwa sai ranar da aka tuɓe gawarsa talakawa suka ga bayan nasa, daga nan baki ya ƙara gishiri.

A ganina wannan ne sakamako mafi daɗin ji a duk binciken, domin masu son wanke shi ne suka nace har suka taimaka da kuɗin tonon, ƙasa kuma ta ba su amsar da ba ita suka so ba.

Yaya ya mutu?

An ƙirga raunuka 11, tara a ƙoƙon kai, alamar kwalkwalinsa ya faɗi ko an cire masa. Biyu a ƙasan ƙeya, kowanne ya isa ya kashe mutum, ɗaya ya zaftare ƙashi gaba ɗaya. Akwai wani a ƙashin ƙugu, inda aka soke shi ta baya, wurin da sulke zai kare da yana raye, don haka masana ke ganin wulaƙanci ne aka yi wa gawa. Kabarin ma ya yi masa gajarta har kansa ya jingina da bango, babu alamar akwati ko likkafani.

Me ya kai maganar kotu?

Rigimar inda za a binne shi. Takardar izinin tono da ma'aikatar shari'a ta bayar ta bar wa jami'ar zaɓi, ita kuma ta zaɓi babban cocin Leicester, wanda ke tsallaken titi daga inda aka same shi. Wasu da ke cewa su zuriyar danginsa ne suka kai ƙara, suna son a kai shi birnin York, tunda a arewacin Ingila ya yi ƙarfi kuma can ake ƙaunarsa. A watan Mayu 2014 babbar kotu ta kori ƙarar. Ba a faɗa da ƙarfi ba, amma kowa ya san gawar sarki tana jawo 'yan yawon buɗe ido.

Yaya jana'izar ta kasance?

Ranar 22 ga Maris 2015 aka zagaya da akwatin ta filin Bosworth aka dawo da shi Leicester, dubban mutane sun yi layi a bakin hanya suna jefa fararen furanni, tambarin gidan York, wato gidan sarautar su Richard. Kafintan nan da aka gwada DNA ɗinsa shi ya ƙera akwatin da hannunsa. An binne shi ranar 26 ga Maris, Justin Welby, shugaban cocin Ingila na lokacin, ya jagoranci addu'a. Sarauniya Elizabeth ba ta je ba, ta aika saƙo da wakilai. Wasu Katolika sun yi ƙorafi, don Richard ya rayu ya mutu kafin cocin Ingila ya ɓalle daga Roma, saboda haka aka yi masa addu'ar Katolika daban a wani coci na garin.

Shekara ɗaya bayan haka ƙungiyar Leicester, wadda a lokacin jana'izar take can ƙasan teburi, ta ɗauki kofin Firimiya. Masu barkwanci suka ce tukwicin sarki ne.

Shin tonon ya wanke shi daga zargin kashe 'ya'yan wansa?

A'a. Ƙashi yana faɗin abin da mutum ya ci da abin da ya kashe shi, ba ya faɗin umarnin da ya bayar. Masana tarihi da yawa har yanzu shi suke zargi, tunda yaran a hannunsa suka ɓace kuma bai taɓa fito da su ya ƙaryata jita-jitar ba. Philippa Langley da masu ra'ayinta suna cewa yaran sun rayu bayansa.

A 1674 ma'aikata sun tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matattakala a Hasumiyar Landan, aka zuba su a tukunyar marmara aka ajiye a cocin Westminster da sunan yariman biyu. An duba su sau ɗaya a 1933, tun kafin a san gwajin DNA, aka mayar aka rufe.